Tsakar Ranar Kano a Aljihuna

Sallama gare ku masu karatu, ku gyara zama. Wanda ya san ni ya yi haƙuri in gaya wa wanda bai sani ba: ni ne Alkasum, fatoman Zango, mai saukar da baƙi a nan Damagaram. Gemuna ya yi fari, na taka Agadas, na sha ruwan Kukawa, amma a makon nan na yi abin da ko ɗan akuya zai ji kunyarsa. Bari in fara da sana'ata, don ku san daga tsayin da na faɗo.

Baƙo in ya sauka gidana, kafin in tambayi abin da ya ɗauko sai in zaunar da shi in karanta masa garin. Ƙofar Birni da faɗuwar rana ake jan ta, in ka makara ka kwana a waje. Mahauta da sassafe ne, in hantsi ya ɗaga sai ƙashi da ƙuda. Larabawan Zango kada ka buga musu ƙofa bayan azahar, barci suke, in ka tashe su farashi ya hau. Ran Juma'a kada ka nemi baduku sai an sauko daga masallaci. Shi kuwa biron Faransa, wato ofishin kumandan, can gindin duwatsun bariki, da safe yake buɗewa, in an busa ƙahon tsakar rana a rufe sai rana ta yi sanyi. Ran Asabar in an rufe an rufe ke nan, ko gobara ce sai Litinin. Wannan karatun shi nake ci, shi nake sha, ba baƙon da ya taɓa cewa na ɓatar da shi.

Matata Shatu ta rasu, Allah ya jiƙanta, tun daga nan yayata Indo ta dawo gidan tana riƙe mini tukunya, tana kuma riƙe da wuyana.

"Kasum, na gaji da tuƙa tuwon baƙinka. Gwiwata ta ƙare. Ko ka kawo mace gidan nan ko in koma wurin jikokina."

"Yaya, ana nema."

"Ana nema! Kai da ke sayar da raƙumin mutum kafin ya gama durƙusawa, mace ɗaya ta gagare ka?"

Ba nema ba ne ya gagare ni, na samu tuni. Lubabatu ce, bazawara, tana cikin Birni tana haɗa turaren wuta. Doguwa, haƙora sun sha fure sun yi ja, zanenta kullum baƙi mai sheƙi, in ta wuce ka sai hancinka ya raka ta har lungu. Ba yarinya ba ce balle a zaɓa mata, ita za ta nuna wanda take so, wanta Nomau da ke noma a Gaffati ya ɗaura. Matsalar, ba ni kaɗai ke shimfiɗa tabarma a ƙofarta ba. Akwai Bukar, sojan bariki, shi ne ma mai busa ƙahon nan da garin duka ke ji. Ya fi ni ƙuruciya, yana da jar dara da ƙirji kamar bango. Ni me gare ni? Baki da tarihi.

To da rani na raka wasu masu fata Kano. Na ga jirgin ƙasa, na ga ƙaton agogo a tasha, kowa in ya zo wucewa sai ya ɗaga kai kamar ana neman wata. Na ce a raina, Alkasum, ga abin da zai kayar da jar dara. Na je wurin wani Kwara mai kanti na sayi na aljihu, mai murfi da sarƙa. A gabana ya daidaita shi da na tasha. Ya koya mini murɗa shi kowace safiya, ya ce in hannuwan nan biyu suka haɗu a sama, tsakar rana ke nan. Na naɗe shi a auduga, na sa a jakar fata, na rungumo shi har gida kamar jinjiri.

Washegarin dawowata ƙahon Bukar ya busa. Na buɗe murfi. Dogon hannun yana can ƙasa, ko hawa bai fara ba. Na ɗaga kai, rana ma da ɗan saura ta tsaya tsaka. Jama'a, daɗin da na ji ko ranar da aka haifa mini ɗan fari ban ji shi ba. Na kama Bukar! Kafin la'asar duk Zango ta ji cewa mai ƙaho da wuri yake busawa, yunwa ce ke duba masa lokaci. Na ja ƙafa har Birni, na zauna yadda sarƙar za ta yi reto.

"Fatoma, wannan igiyar ƙarfen da ke ƙirjinka fa? Ɗaure ka aka yi?" in ji Lubabatu, tana juya turare a kasko.

"Lokaci ne, Luba. A Kano na sayo shi."

"Duka? Ba ka rage wa Kanawa ko kaɗan ba?"

Matan da suka zo sayen turare suka bushe da dariya. Ni ma na yi, na kuma ɗauka yabo ne. Ku dai bar tsoho in zuciyarsa ta kamu.

Ran Juma'ar da ta wuce Yaya Indo ta dawo daga Birni, ko mayafi ba ta sauke ba ta tsaya a kaina.

"Saƙo ne. Ka san takarkarin da mijin Lubabatu ya bar mata, san ɗaukar kayan nan da ke wurin Nomau? Gardawa, dogaran Faransa, sun kora shi cikin shanun da za su kai kayan bariki Agadas, alhali ya yi nasa zuwan bara, ba layinsa ba ne. Jibi da asuba ayarin zai tashi. Mai gari ya ce in Nomau ya je biro ya yi bayani za a sake shi. Gobe da safe zai shigo, ta ce a gidanka zai sauka."

"Bukar fa? Ai shi ne ɗan bariki."

"Ya ce zai kai shi, ta ce a'a, baƙo na fatoma ne." Ta matso ta rage murya. "Ka gane ko sai na daka maka? Mace ba ta turo wa namiji waliyyinta don sa kawai."

Na gane. San nan shi ne ɗan abin da Lubabatu ta mallaka, shi ke ɗauko mata itacen ƙamshi da gero. Ta ɗauki dukiyarta da wanta ta ɗora a tafin hannuna. Abin da ya rage mini kawai in kai mutum ƙofar da na fi kowa sanin lokacinta.

Asabar da safe na sa aka share zaure aka yayyafa ruwa. Na fito da rigata saƙi mai aiki a wuya, na naɗa baƙin rawani ɗan Kura, irin wanda ke bar maka shuɗi a goshi, na zizara kwalli, na shafa turaren da ita da kanta ta haɗa. Na sa aka yanka zabi biyu. Yaya Indo ta dube ni sama da ƙasa.

"Biro za ka ko ɗaurin aure?"

"Duka biyun, Yaya. Ɗaya na bin ɗaya."

Da hantsi Nomau ya yi sallama. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, ƙafa duk laka, don an yi ruwa a Gaffati, shuka ya baro. Ko zama bai so yi ba.

"Maigida, in da hali mu wuce. Hankalina na wurin san nan."

A nan ya kamata in tashi. Amma ku gaya mini, wane fatoma ne zai bar surukin gobe ya fita gidansa da laka a ƙafa, ciki ba komai? Me za a ce a Birni? Na sa aka kawo ruwan wanka. Na ara masa farar rigata, na ce ba a shiga gaban kumandan da rigar gona. Aka kawo fura da nono. Da na ga yana ta leƙen ƙofa, sai na ciro maganin.

Na danna murfi ya buɗe. Nomau ya ja da baya, sannan ya matso. Na kanga masa a kunne.

"La'ilaha illallahu! Akwai rai a ciki!"

"Ka ga hannuwan nan? Sai sun haɗu a sama ake rufe biro. Dubi tazarar da ke tsakaninsu. Ci furarka."

Bawan Allah ya saki jiki. Da ma ya yi mini gardama! Ina, yarda ya yi da ni ɗungurungum, ya miƙe ƙafa, har ya fara ba ni labarin Lubabatu tana ƙarama, yadda ta taɓa korar mai awo da muciya.

Ni kuwa idona na gani. Shekaru ina zaune a zauren nan, na san alamun. In kukun kumandan ya wuce da kwandon cefane, safiya ta tafi. Ya wuce. In masu fura suka nufi bariki da ƙoransu, an kusa tashi. Sun wuce, har ɗaya ta gaishe ni. In inuwar katanga ta janye ta bar gindin turmi a rana, ƙaho na bakin Bukar. Ina kallo ta janye.

"Kasum!" Yaya Indo ta ƙwala daga madafa. "Masu fura sun wuce fa!"

"Yaya, ki ji da zabi, ni in ji da lokaci."

Zabin suka iso, sun sha yaji da man shanu. Nomau ya kama cinya ke nan ƙaho ya tsage gari. Ya miƙe zumbur, cinya a hannu.

"Zauna, zauna," na ce, ina murmushi irin na manya. "Wannan na tuwon soja ne. Mai busa shi na san shi, cikinsa ke ba shi umarni. Biro da agogon bango yake aiki, agogo kuwa duk agogo ne. Bature ya ƙera wancan, Bature ya ƙera wannan. Sai ka gama."

Ku lura, ni da bakina nake gaya wa baƙi in an busa an rufe. Amma don kada in ce Bukar ya yi daidai a gaban wan Lubabatu, na ƙaryata karatuna. Na bari ya gama cinyar, ya wanke hannu, na ba shi goro. Sannan muka fita, ina tafe a hankali don rigar ta kwanta da kyau.

Ƙofar biro a garƙame. Ba kowa sai wani gardi a inuwa yana sakace.

"Sannu da aiki. Kumandan na ciki?"

"Kumandan ya ci ya kwanta. Sai Litinin."

"Wane irin Litinin? Tsakar rana ba ta yi ba!" Na ciro agogo na kai masa har hanci. Hannuwan a lokacin ne ma suke shirin haɗuwa.

Ya duba, ya dube ni. "Baba, ina ka samo shi?"

"Kano. Da na tashar jirgi aka daidaita shi."

Ya yi dariya har sakacen ya faɗi. Ya ja ni bakin taga, na leƙa ta tsakanin katako. Ga agogon bango nan, dogon hannunsa ya wuce sama tuni, ya gangaro ƙasa.

"Na Kano daban, namu daban. Namu na gaba. Masu buga waya kullum sai sun yi faɗa a kai."

"Rana ɗaya ce fa! Wadda ke kan Kano ita ke kanmu!"

"Faransa da Ingilishi da suka raba ƙasa, ka zaci sun bar rana ba su raba ba?"

Ashe ni tsakar ranar Kano na sayo, na rungumo ta a auduga, na yi ta murɗa ta kowace safiya kada ta mutu.

Na juya. Nomau bai zage ni ba, da ya zaga da na ji sauƙi. Ya cire farar rigata a hankali, ya ninke, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Maigida, na gode da zabo."

Na so duwatsun bariki su gangaro su rufe ni. Na tambayi gardin ko akwai wata hanya. Ya ce shanun na garke a bayan bariki, a hannun sarjan, kuma ba mai tunkarar sarjan ran Asabar sai ɗan gida. Ya ƙara da cewa akwai wanda sarjan ke jin maganarsa, don kullum shi ke tashinsa da safe.

Kun san ko waye. Ni ma na sani.

Na tsaya ina lissafi. In na je, Bukar ne zai ja igiyar san har ƙofar Lubabatu, ni kuwa na gama yawo. In ban je ba, san ya tafi Agadas, wa ya san ko zai dawo. Na tuna yadda ta ce baƙo na fatoma ne. Na ce wa Nomau ya biyo ni.

Muka iske Bukar a gindin bango yana goge ƙahonsa da toka da tsamiya. Na cire takalmi, ni da na girme shi nesa ba kusa ba.

"A'a, Baba Alkasum! Lafiya da rana tsaka? Ko a wurinku ba ta yi ba tukuna?"

Labari ya riga ni isowa. Na haɗiye.

"Bukar, roƙo na zo. San Lubabatu ne."

"Ni? Mayunwacin da cikinsa ke duba masa lokaci?"

"Bakina ne ya faɗa, bakina zai janye."

"A ina zai janye? A nan, ni da kai da bango?" Ya hura ƙurar ƙahon. "Inda ka faɗa nan za ka janye. A ƙofarta, a gaban matan turare. Kuma ni zan riƙe igiya."

"Na yarda."

Ya ɗan tsaya yana kallona, ina jin bai zaci zan yarda da sauri haka ba. Ya sa dararsa ya shige. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ya yi aikin. Ya kai sarjan garken, Nomau ya nuna shaidar da aka yi wa san a cinya a tafiyar bara, sarjan ya ɗaga hannu ya ce a fitar.

Da la'asar muka shiga Birni. Bukar a gaba da igiya, ƙirji a waje, Nomau a gefe yana shafa tozo, ni a baya wajen wutsiya da rawanina ɗan Kura, gumi ya kwaso shuɗin ya zubo mini har gemu. Lubabatu ta fito, mata sun cika ƙofa. Na gyara murya.

"Jama'a ku shaida. Ƙahon Bukar daidai yake, agogona ne baƙo a garin nan. Kuma Nomau tun hantsi ya iso, ni na zaunar da shi da zabo har aka rufe biro."

Wannan na ƙarshen ba ya cikin sharaɗi, fitowa kawai ya yi. Mata suka yi ta dariya, wata har da riƙe ciki. Lubabatu ba ta yi ba. Ta shafa wuyan santa, ta yi wa Bukar godiya sosai, sannan ta juya ga wanta.

"Yaya Nomau, wa ya je ya nemo shi?"

"Shi," in ji Nomau, ya nuna ni da haɓa. "Da ƙafarsa. Har da cire takalmi."

Ta ce to, ta shige gida. Ko kallona ba ta yi ba.

Lahadi ban fita zaure ba. Wani baƙo ya tambaye ni yaushe ake buɗe kasuwar gishiri, na ce ya tambayi Yaya Indo. Ita kuwa ta yafa mayafi ta tafi Birni wai sayen turare. Ta dawo tana taku ɗaiɗai, don ta san ina jira.

"Ta ce gobe ka je. In ƙahon tsakar rana ya busa. Ta ce kuma ka bar Kano a gida."

"Ba'a ce, Yaya. So take ta ƙara tuna mini."

"Kai, Kasum, wa ke busa ƙahon?"

"Bukar."

"In yana busawa, yana ina?"

Na miƙe zaune. Lokaci ɗaya ne a yini da Bukar ba zai iya zama a ƙofar kowa ba, shi ta zaɓa. Da bakinsa zai kira ni gidanta!

"Yaya, kin gaya wa wani?"

"Ni? Ba kowa. Matan bakin rijiya kawai."

Litinin tun da safe na yi wanka. Na tura agogon cikin tulun gero na rufe. Na fito tsakar gida, na koma, na tono shi na zura a aljihun ciki, ban da sarƙa. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Na zauna a zaure na baza kunne.

Kukun kumandan ya wuce. Masu fura suka wuce. Inuwar katanga ta janye ta bar gindin turmi.

Shiru.

Na jira kaɗan. Inuwa ta ƙara janyewa. Ko kaza ba ta yi kuka daga bariki ba. Zancen rijiya ya kai masa, ya gwammace sarjan ya ci masa mutunci da ya busa mini hanya. Ko kuwa ya ajiye ƙahon ne ya tafi can da kansa? Na zabura.

"Ina za ka? Ta ce sai an busa!" in ji Yaya Indo.

"Turmi ya busa, Yaya!"

Na tattare riga na kwasa. Mutanen Zango sun ga abin da ba su taɓa gani ba, fatoma na gudu, rawani na warwarewa a baya. Na shiga ƙofar Birni takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na iso ina haki, na duba ƙofar, ba jar dara. Tabarma ce sabuwa a shimfiɗe, da ƙoƙon ruwa a gefe, san na ɗaure yana tuƙa. Daga ciki ina jin tarin Nomau, ashe bai koma Gaffati ba.

Lubabatu ta ɗaga asabari, hannuwanta sun sha lalle.

"Fatoma, an ce ka zo in an busa. Ban ji an busa ba."

"Na ga lokaci ya yi ne, Luba."

"Da me ka gani?"

"Da idona."

Ta yi murmushi, haƙoran nan ja suka fito. "Zauna ka sha ruwa. Yaya Nomau na son jin abin da ke tafe da kai."

Na zauna ke nan sai ga ƙaho daga bariki, a makare, a shaƙe, kamar an matse wa jaki wuya. Jama'a, hannuna ne ya tafi da kansa. Na juya gefe, na ɗan buɗe murfi a cikin riga. Hannuwan biyu sun haɗu a sama cif. Yau Bukar tsakar ranar Kano ya busa! Tun da na sayi abin nan sai yau ya faɗi gaskiya a Damagaram, ga shi ba wanda zan iya nuna wa.

Na ɗago. Nomau ya fito yana gyara hula, Lubabatu kuwa ba fuskata take kallo ba.

"Alkasum," ta ce, karo na farko da ta kira sunana. "Mene ne ke bugawa a aljihunka?"